Kutse da ƙetare iyaka: tambayoyin da ake yawan yi, da amsoshinsu

Wai shin mene ne ma asalin ma'anar kalmar trespass ɗin nan da ake gani a jikin alluna?

A taƙaice dai ita ce shiga wurin da ba naka ba, ba da yardar mai wurin ba, kuma babu wata doka da ta ba ka dama. Mu da Hausa sai mu ce kutse, ko ƙetare iyaka, ko shiga gonar wani. Kalmar daga tsohon Faransanci Turawan Ingila suka aro ta, kuma asalinta wucewa ne ko tsallakewa zuwa ɗaya gefen, shi ya sa har yau a Faransanci 'yar uwarta tana nufin mutuwa, wato mutum ya tsallaka. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, da ta fara shiga Turanci ma zunubi da laifi take nufi gaba ɗaya, sai daga baya ta koma ana jin ta a maganar fili da gida. Kenan ma'anar ɗabi'a ita ce yaya, ta katanga ita ce ƙanwa.

Kuma ba wani baƙon tunani ba ne a wurinmu. Duba dai "wuce gona da iri", manomi ne yana shuka yana tafiya har ya zarce iyakarsa ya zuba iri a gonar maƙwabci, amma yau idan aka ce wane ya wuce gona da iri ba wanda zai tambaya gonar wa. Haka ta'addi a Larabci, tushensa wucewa ne, daga nan ya zama zalunci.

Idan na shiga ban ɗauki komai ba, ban ɓata komai ba, har yanzu na yi laifi?

E, ka yi. Nan ne fa mutane suka fi yin gardama, kuma ni a ganina nan ne zuciyar maganar take. Abin da ka taɓa ba ciyawa ba ce, ba ƙofa ba ce, ikon mutum ne na ya ce "shigo" ko ya ce "a'a". A tsarin shari'ar Ingila da ƙasashen da suka gaje shi, ba sai mai wuri ya nuna asarar ko sisi ba kafin ya yi nasara a kotu, shigar ita kanta ta isa.

Akwai wata shari'a da aka yi a jihar Wiskonsin ta Amurka wadda ta ƙare a 1997. Wani kamfani ne mai sayar da gidajen nan da ake ja da mota ya nemi ya ratsa ta cikin gonar wasu tsofaffi mata da miji don ya rage hanya, suka ce ba su yarda ba, aka sake roƙo suka sake cewa a'a, kawai sai kamfanin ya share dusar ƙanƙara ya ratsa abinsa. Ba abin da ya lalace, don haka diyyar ɓarna dala 1 tak aka yanka, amma aka ɗora wa kamfanin dala 100,000 ta ladabtarwa, kuma kotun ƙolin jihar ta tabbatar da ita. Hujjar mai sauƙi ce, in dai mai kuɗi zai iya taka "a'a" ɗin talaka ya biya 'yan canji ya wuce to "a'a" ɗin ba ta da amfani kenan.

To laifin ɗauri ne ko na biyan diyya?

Ya danganta da ƙasa, kuma bambancin yana da girma. A Ingila, kutse tsurarsa a mafi yawan wurare magana ce tsakanin mutum da mutum, mai wuri ya kai ka ƙara ya nemi diyya ko kotu ta hana ka sake zuwa, ba wai 'yan sanda su gurfanar da kai ba. Shi ya sa a watan Yulin 1982 da wani mutum mai suna Michael Fagan ya haura fadar Bakingham har ya isa ɗakin kwanan Sarauniya Elizabeth, ba a tuhume shi da laifin shigar ba, don a lokacin babu dokar da ta mai da ita laifin hukunci. Sai a 2007 aka saka fadar cikin jerin wuraren da shigarsu ba izini laifi ne kai tsaye. Haka kuma tun 2012 tarewa a gidan zama na wani ba da yardarsa ba ya zama laifin da ake ɗaure mutum a kai a Ingila da Wales.

A Amurka kuwa jihohi suna da dokokin da suka mai da shi laifi, musamman idan akwai shinge ko allo ko an riga an ce maka kar ka shigo. Tsohon kundin laifuffuka na Indiya na 1860, wanda na Sudan da na Arewacin Najeriya suka samo tushe daga gare shi, shi niyya ya kalla: ka shiga ne don ka aikata wani laifi, ko ka tsorata mai wurin, ko ka ci mutuncinsa, ko ka fusata shi? In haka ne ya zama laifin hukunci, kuma yana ƙara nauyi idan gidan kwana ne, ya ƙara idan da dare ne ko an fasa ƙofa.

Ban san wurin na wani ba ne fa, na zaci hanya ce.

A ɓangaren diyya kuskure ba ya wanke ka, tunda da ƙafarka ka taka da gangan ko da ba ka san na wa ne ba. A ɓangaren hukunci kuma yawanci yana taimaka maka, don sai an nuna ka sani ko kana da mugun nufi. Wanda aka tura ko ya faɗo ba da son ransa ba shi kam ba ya ciki.

An gayyace ni da farko, daga baya aka ce in fita. Ya matsayina?

Izini aro ne, mai shi yana iya karɓar abinsa. Da zarar an ce ka fita kuma an ba ka ɗan lokacin da za ka tattara ka kama hanya, in ka ƙi to daga nan ka zama mai kutse duk da cewa ta ƙofa ka shigo da fara'a. Sannan izini yana da faɗi da tsawo. Wanda aka kira ya gyara famfo a banɗaki ba a ba shi izinin buɗe durowar ɗakin kwana ba, wanda ya shiga kanti sayayya ba a ce ya zarce bayan kanta ba, kuma wanda aka ba wa makulli ya riƙa duba gida kafin masu gida su dawo daga tafiya ba a ce ya kwaso abokai su tare ba.

Wani abu da ke ba mutane mamaki shi ne mai gida ma yana iya yin kutse a gidansa. Doka tana kare wanda wurin ke hannunsa ne a lokacin, ba lallai sai mai takarda ba, don haka idan ka ba da haya to ɗan haya ne ke da ikon ƙofar, kuma a ƙasashe da yawa sai ka sanar da shi kafin ka shiga, in ba gobara ko wata larura irinta ba.

Hukuma fa? Ita ma tana buƙatar izini?

Sosai ma kuwa, kuma shari'ar da ta fi shahara a wannan fanni gaba ɗaya a kan haka aka yi ta. A 1762 wasu manzannin sarkin Ingila ƙarƙashin Nathan Carrington suka kutsa gidan wani marubuci John Entick da takardar umarni daga wani babban minista, suka shafe sa'o'i suna birkice masa gida suka kwashe takardunsa, wai ana zarginsa da rubutun tunzura jama'a. Shi kuma bai tsaya kuka ba ya maka su a kotu da ƙarar kutse, irin dai ƙarar da za ka kai maƙwabcin da ya haura maka katanga. A 1765 alƙali Camden ya yanke cewa babu wata doka da ta ba ministan ikon rubuta irin wannan takarda, don haka shigarsu kutse ce, Entick ya samu fam 300. Wannan hukunci yana cikin abubuwan da suka yi tasiri a gyara na huɗu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya hana binciken gida ba bisa ƙa'ida ba. Abin da nake so a cikinsa shi ne ya sa mai kaki da mara kaki a ma'auni ɗaya, kowa sai ya nuna abin da ya ba shi damar tsallaka dokin ƙofa. Yau shi ya sa ake maganar waranti daga kotu, duk da akwai togaciya kamar bin sawun mai laifi da ya ruga cikin gida ko ceton wanda ransa ke cikin haɗari.

Dabbobi idan suka shiga gonar wani, wa ke da laifi?

Wannan tsohuwar rigima ce, tsufanta ya kai na noma da kiwo su kansu. A Suratul Anbiya aya ta 78 an ba da labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu suna hukunci a kan wata shuka da tumakin wasu mutane suka faɗa mata da dare. A littafin Fitowa sura 22 an ce wanda ya saki dabbarsa ta ci gonar wani zai biya daga mafi kyawun abin gonarsa. Akwai kuma hadisin raƙumar Bara'u ɗan Azib da ta shiga wani lambu ta yi ɓarna, inda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa masu lambu su ke da alhakin tsaron lambunsu da rana, ɓarnar da dabbobi suka yi da dare kuma tana kan masu dabbobin. Dabba ba ta san iyaka ba, shi ya sa nauyin ke komawa kan mai ita.

Sararin sama da ke bisa gidana ma nawa ne?

A da akwai wata ƙa'ida ta Latin da lauyoyi ke maimaitawa, wai mai ƙasa shi ke da ita daga ƙarƙashin ƙasa har zuwa sama. Zuwan jirgin sama ne ya karya ta. A 1946 kotun ƙolin Amurka ta saurari ƙarar wani mai kiwon kaji da ake kira Causby a Karolina ta Arewa, jiragen soja suna wucewa ƙafa 83 kacal a saman gonarsa, kaji suna firgita suna bugun bango suna mutuwa har kusan 150. Kotu ta ce sama can ƙololuwa hanyar kowa ce, amma sararin da ke kusa da ƙasa wanda mai wuri ke buƙata don ya amfana da wurinsa nasa ne. A aikace dai reshen bishiyar maƙwabci da ya leƙo, ko rufin da ya zarto, ko hannun injin ɗaga kaya na magina da ke shawagi a saman tsakar gidanka, duk suna iya zama ƙetare iyaka. Ƙananan jiragen nan marasa matuƙi masu kyamara su ne sabuwar rigimar.

In larura ta kama ni fa, kamar ambaliya ko wani ya biyo ni da makami?

Rai yana gaba da katanga, kusan ko'ina haka ne. A jihar Vermont ta Amurka an yi wata shari'a a 1908, wani mutum da matarsa da 'ya'yansa biyu suna cikin kwalekwale guguwa ta taso, ya ɗaure a matsayar jirgin wani mai tsibiri, sai yaron gidan ya zo ya kwance igiyar, kwalekwalen ya tarwatse suka ji ciwo. Kotu ta ba mai kwalekwale gaskiya. Bayan shekara biyu, a jihar Minesota, aka ƙara wani gefen maganar: wani jirgin ruwa ya zauna ɗaure lokacin hadari ya lalata matsayar, kotu ta ce ba a ga laifinsa da ya ceci kansa ba amma zai biya dala 500 na ɓarnar. Masu fiƙihu ma suna da kusan irin wannan, larura tana halatta abin da aka hana amma ba ta goge haƙƙin wani.

Zan iya yi wa mai kutse duk abin da na ga dama tunda shi ya shigo?

A'a, don Allah a daina wannan tunanin, yana jawo asarar rai a banza. Kana da damar ka ce ya fita, in ya ƙi ka fitar da shi da ƙarfi gwargwadon buƙata, in kuma ya zo da barazana ga ranka ko na iyalinka to wannan kariyar kai ce, babinta daban kuma dokokin ƙasashe sun bambanta a kai. Amma dukiya kawai ba ta kai a kashe mutum ko a nakasa shi ba. A jihar Iowa ta Amurka wani mai suna Briney ya gaji da masu fasa masa wani tsohon gidan gona da ba kowa a ciki, sai ya ɗana bindiga a bayan ƙofa, wani da ake kira Katko ya shiga ya kwashi tsofaffin kwalabe bindigar ta ragargaza masa ƙafa. Katko ya amsa laifinsa na sata, amma a 1971 kotun ƙolin jihar ta tabbatar Briney zai biya shi dala 30,000. Tarko ba ya tambayar waye, yaron da ya biyo ƙwallonsa da ma'aikacin kashe gobara duk ɗaya ne a wurinsa. Mai wuri ma yana da iyakar da in ya wuce ta shi ne ya yi ta'addi.

Akwai inda shiga filin wani ba laifi ba ne?

Akwai, kuma yana da kyau a san haka don kar a ɗauka shinge daga sama ya faɗo. A Suwidin kowa yana da haƙƙin yawo a daji da fili ko da na wani ne, ya kafa tanti na kwana ɗaya ko biyu, da sharaɗin kar ya dami kowa kar ya lalata komai kuma kar ya matso farfajiyar gidan mutane, tun 1994 ma abin yana cikin kundin tsarin mulkinsu. Norway ta rubuta nata a doka a 1957, Sikotland a 2003. A Ingila kuwa sai da aka sha wuya: ranar 24 ga Afrilu 1932 ɗaruruwan matasa, yawancinsu ma'aikata daga Manchester, suka hau tudun Kinder Scout da gangan don nuna ƙin yadda masu ƙasa suka rufe tuddai saboda farautarsu, aka ɗaure biyar daga cikinsu, kuma sai a shekarar 2000 aka yi dokar da ta buɗe irin waɗannan wurare ga masu tafiya a ƙafa. A takarda masu kutse ne, amma ni ban ga zunubinsu ba. Doka da gaskiya suna yawan tafiya tare, ba kullum ba.

Gaskiya ne wanda ya daɗe zaune a filin wani yana iya mallake shi?

Yana faruwa, in mai shi ya yi sakaci shekara da shekaru. A Ingila shekara 12 ce ga filin da ba a yi wa rajista ba, mai rajista kuma bayan shekara 10 mazaunin zai nema sai a sanar da mai shi ya samu damar ƙi. A mazhabar Malikiyya ma akwai maganar shekara 10, idan mai haƙƙi yana nan yana gani ya yi shiru ba wani uzuri to ba a sauraron da'awarsa bayan haka. Sai dai rufe ƙofar ƙara a kotu daban, halaccin abu tsakaninka da Allah daban in ka san ba naka ba ne.

Waya da intanet fa, su ma ana yi musu kutse?

Ai kalmar ma ita muke amfani da ita, masu kutse. A tsakiyar shekarun 1980 wasu mutum biyu a Biritaniya suka shiga wani tsarin kwamfuta har suka kai ga akwatin saƙon Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth, kotun ƙoli ta lokacin ta tabbatar da sallamarsu a 1988 don babu dokar da ta dace da abin da suka yi, wannan ne ya sa aka yi dokar 1990 da ta mai da shiga kwamfuta ba izini laifi ko da ba ka goge komai ba ba ka kwafi komai ba. Irin ƙa'idar gona ce dai. Kuma ya shafi na kusa ma, sanin lambar sirrin wayar mijinki ko matarka ko ƙaninka ba shi ne izinin karanta saƙonninsa ba, kamar yadda ganin ƙofa a buɗe ba shi ne an ce ka shigo ba.

Me addini ya ce kan shiga gidan mutane?

A Musulunci maganar a fayyace take. Suratun Nur aya ta 27 da 28 sun hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi sallama, in ba ka sami kowa ba kar ka shiga, in kuma aka ce ka koma to ka koma. Wannan na ƙarshen shi ya fi yi wa mutane nauyi, a ce maka ba yanzu ba ka juya ba tare da riƙe mutum a zuciya ba. Hadisin Abu Musal Ash'ari ya iyakance neman izini sau uku. Wani hadisin kuma ya bayyana dalili, an sanya neman izini ne saboda gani, kenan wanda ya tsaya a waje yana leƙe ta taga ya riga ya shiga da idonsa. Har cikin gida ɗaya ma aya ta 58 ta ware lokuta uku da yara za su nemi izini, kafin sallar asuba da lokacin hutun tsakar rana da bayan isha'i.

Maganar fili kuma ta fi tsanani. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi daga ƙassai bakwai, kuma an la'anci mai canza alamar iyaka. Attaura ma haka, a Maimaitawar Shari'a 27:17 an la'anci wanda ya matsar da shaidar iyakar maƙwabcinsa. Wannan kutse ne da ba a haura katanga, katangar ce ake matsarwa a hankali, kuma sau da yawa mai ƙarfi ne ke yi wa maraya ko gwauruwa.

To ta ina kalmar ta haɗu da zunubi?

A Turanci hanyar ita ce Addu'ar Ubangiji ta Kirista. William Tyndale a fassararsa ta 1526 ya sa wannan kalma a wurin roƙon gafara, littafin addu'o'in cocin Ingila na 1549 ya ɗauka, sai ta zauna a bakin mutane har yau, duk da cewa a Girkancin Matiyu 6:12 basussuka aka ce, a Luka 11:4 kuma zunubai. Wanda ke wannan addu'a yana cewa ne na tsallake layin da bai kamata ba, a yafe mini kamar yadda nake yafe wa waɗanda suka tsallake nawa.

Alƙur'ani shi ma da iyaka ya kwatanta, iyakokin Allah. A Baƙara 229 an ce kar ku ƙetare su, a 187 kuma an ce kar ma ku kusance su. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya zana hoton sarai, makiyayi ne ke kiwo a gefen makiyayar da sarki ya keɓe, yana dab da ya faɗa ciki, kuma keɓantaccen wurin Allah shi ne abubuwan da ya haramta.

Kenan ana iya yi wa mutum kutse ba a taka masa fili ba?

Ana yi kullum, kuma a tsohuwar shari'ar Ingila ma kalmar kashi uku ce, ta ƙasa, ta kaya, da ta jikin mutum, wato duka ko tsarewa ko taɓa shi ba da yardarsa ba. Abin da ya wuce nan kotu ba ta cika isa gare shi ba amma zafinsa ɗaya ne. Tambayar ma'aurata me ya hana su haihuwa, tura hoton mutum a guruf bai sani ba, yaɗa sirrin da aka ba ka amana, kasa kunne a bayan ƙofa, yanke wa baligi hukunci a kan rayuwarsa ba a tambaye ka ba, duk shisshigi ne, kuma Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigin asirin mutane ta haɗa shi da giba a wuri ɗaya. Wahalar wannan nau'in ita ce babu allo babu shinge, kuma yawanci na jiki ne ke yi, da kyakkyawar niyya ma wani lokacin, shi kuma wanda aka yi wa kunya ta hana shi cewa a fita.